Awo na Goma

A gidan ruwa, kan tagar ɗakin awo, akwai wani gwangwanin madara da ya yi tsatsa. Ranar ɗaya ga kowane wata Malamar awo takan zuba tsakuwa tara a ciki. Ba ita ta ƙirƙiro abin ba, haka ta tarar ana yi.

Ruwan kogi ake jawowa, a zuba masa alif laka ta kwanta, a tace, a sa kulorin mai kashe ƙwayoyin cuta, sannan a tura wa gari. Duk bayan awa huɗu, wanda ke bakin aiki zai tari ruwan da aka tace a 'yar kwalba, ya sa a na'ura. Na'ura ta nuna duhun ruwan, wato lakar da ta rage a ciki, shi kuma ya rubuta a babban littafi ya sa hannu. Sau shida a rana, sau ɗari da tamanin a wata. A ƙarshen wata Malama ta kwashe duka ta haɗa rahoto, Manaja ya sa hannu, a aika wa hukuma.

Hukuma ta ja layi. A takarda 0.3 ake rubutawa, amma a baki “uku” kawai suke cewa. A cikin ɗari da tamanin ɗin nan, tara kaɗai aka yarda su haura uku. Duk wanda awonsa ya haura, sai ya ɗauki tsakuwa ɗaya ya jefar ta taga. In gwangwani ya zama fanko, to na gaba shi ne awo na goma, kuma da zarar ya shiga rahoto, mai bincike zai taso daga hukuma.

Sau ɗaya aka taɓa rubuta na goma, shekara bakwai da suka wuce. Wanda ya rubuta an ɗauke shi an kai shi gadin injin da ke can bakin kogi, an kuma karɓe ɗakinsa na kwatas. Tun daga nan kowa ya riƙe a ransa cewa hannun da ya rubuta na goma shi ke ɗaure kayansa.

Saboda haka da damina, in kogi ya yi ja, kowa da dabararsa. Wani ya jinkirta awo da rabin awa. Wani ya ajiye kwalba a gefe sai lakar ta kwanta. Wani ma ba ya zuwa famfon awo ɗin. Ba a maganar a fili, amma kowa ya san ta kowa.

Mutum ɗaya ne ba shi da dabara. Agogo ake ce masa, don ƙarfe goma sha biyu na bugawa yana tsaye a famfon awo, ba minti ɗaya sama, ba ɗaya ƙasa. Abin da na'ura ta nuna, shi zai rubuta. Shekararsa ashirin da tara da wata takwas a gidan ruwa. A ƙa'idar wurin, wanda ya cika talatin ya ajiye aiki lafiya, ana bar masa ɗakinsa na kwatas har ƙarshen ransa. Wata huɗu ya rage masa.

Ranar ashirin da bakwai ga wata, da tsakar rana, na'ura ta nuna masa huɗu. Ya rubuta, ya sa hannu, ya je taga ya girgiza gwangwani. Tsakuwa ɗaya ce ta yi ƙara a ciki. Ya ciro ta ya jefar.

Dogo, abokin aikinsa, yana zaune kan benci yana shan shayi. Ya ajiye kofin.

“Shi ke nan, ka cinye mana. Jama'a ku zo ku ga, Baba Agogo ya lashe tukunya!”

“Abin da ta nuna na rubuta.”

“Ai kullum kai take nuna wa. Tsakuwa tara, kai kaɗai ka jefar da shida. Mu sauran duk 'yan wuta ne, kai kaɗai ne ɗan aljanna.”

Sauran ma'aikata biyu da ke wurin suka yi dariya.

“Tsoho, tsakaninka da Allah, na'urar nan matarka ce? Komai ta ce sai ka ce to?”

“Ruwan nan 'ya'yanka ma shi suke sha,” in ji Agogo.

“'Ya'yana biyar a ɗaki ɗaya suke kwana kamar kifi a gwangwani, laka ce za ta kashe su? Kai da ke da ɗaki biyu, daga kai sai gawa mai numfashi, ai dole ka yi mana wa'azi.”

Dariyar ta ɗauke. Agogo ya wanke kwalbar, ya goge ta da ƙyallenta, ya kife ta a mazauninta.

Matar Agogo ce Dogo yake nufi. Shekara uku ke nan ɓarin jikinta na dama ya shanye. 'Yan kwatas Inna suke ce mata, shi kuwa 'yar tsohuwa yake kiranta. 'Yarsu ɗaya ce, tana aure a nesa, sau ɗaya take zuwa a shekara. Ɗakinsu a ƙasa yake, ba matakala, ga famfo a ciki, ga taga daidai kan gadonta. Daga nan take kallon manyan tankuna da farar balbela da ke sauka a bakinsu. Taku ɗari biyu ne daga ɗakin awo, don haka tsakanin awo da awo yakan leƙo ya juya ta, ya ba ta ruwa, ya koma.

Da ya shigo ranar, ta dube shi da idon nan nata mai kyau.

“Malam, wa ya taɓa ka?”

“Ba kowa.”

“Ka shigo ba ka yi wa kajina magana ba.”

Balbelun take cewa kajinta. Ya leƙa taga ya ce, “Sannunku da kiwo,” ta yi dariya da rabin baki. Ya ɗago ta, ya gyara mata matashi, ya share mata yawun da ya zubo.

“Saura nawa?” ta tambaye shi. Kullum sai ta tambaya.

“Wata huɗu da kwana uku.”

“To. Daga nan sai ka zauna ka ishe ni.”

Kwana biyu kogi ya lafa, awo ya riƙa fitowa biyu, biyu da rabi. A rana ta talatin, ranar ƙarshe, aka wayi gari an yi ruwa mai yawa a can sama. Kogi ya iso jawur, yana ɗauke da rassa da ciyawa. Agogo ba shi da aiki ranar. Yana cikin wanke wa matarsa zane aka aiko Manaja yana kira.

Manaja yaro ne a kansa. Lokacin da ya zo gidan ruwa da takardunsa, bai san inda ake buɗe matatar ruwa ba, Agogo ne ya riƙa kama hannunsa. Har yanzu Baba yake ce masa. Ya miƙe tsaye ya jawo masa kujera da kansa.

“Baba, ya jikin Inna?”

“Da sauƙi, ranka ya daɗe.”

“Haba, wane irin ranka ya daɗe, ni da kai? Wallahi ina so in leƙo ta, aiki ne ya yi min yawa. Baba, taimako nake nema. Mai aikin rana ya ce ciwon kai ya kwantar da shi. Awon sha biyu ba mai yi.”

Agogo ya dubi taga. Daga nan ma ana ganin launin kogi.

“Ranka ya daɗe, alif ɗin nan ba ya kama laka. Tun da aka mayar da buhunan zuwa rumfar baya, ruwan sama ke bi ta kansu. Rabi ya narke, rabi ya dunƙule. Na faɗa tun farkon wata.”

“Ka faɗa, na ji, kuma ana kan gyarawa. Yau dai nake so mu tsallake.” Manaja ya zagayo ya zauna a bakin tebur, ya rage murya. “Dogo ya yi na ƙarfe takwas, biyu ya samu.”

“A wannan ruwan?”

“Abin da ya rubuta ke nan. Baba, ni ba zan ce ka yi wani abu ba, ka fi ni sanin aikin nan. Amma ka san gwangwani ba komai. Kuma ka san abin da ya sami wancan bawan Allah. In takarda ta fita daga hannuna, ba ni da iko a kanta. Ina tunanin Inna ne kawai. Wa zai ɗauke ta? A kai ta ina? Wata huɗu fa, Baba. Awo ɗaya a cikin ɗari da tamanin.”

Ya dafa kafaɗarsa, ya rako shi har ƙofa.

Sha biyu saura biyar Agogo ya buɗe famfon awo ya bar shi yana zuba, kamar kullum. Dogo da ya kamata ya tafi gida tun safe yana kan benci. Sauran biyun ma suna nan, har da mai ciwon kan, wai ya zo karɓar magani. Ba wanda ya yi masa magana.

Ya tari ruwa ya ɗaga kwalbar wajen haske. Ko ba na'ura ido ya gani. Ya goge ta, ya sa, ya danna. Bakwai.

Ya zubar, ya ɗauraye, ya sake tara. Bakwai da ɗigo.

Ya buɗe littafi ya ɗauki biro. Shafin cike yake da rubutun mutane huɗu, nasa ne ƙanana masu tsayuwa a layi. Ya sa bakin biro a kan takarda, ya tsaya. Ya ɗaga. Ya sake sawa. Ta ɗaya tagar yana hango kwatas, da zanen da ya bari a bokiti a ƙofar ɗaki bai shanya ba.

Sai ya ga bai ma san yadda ake yi ba. Rubuta lambar da na'ura ba ta nuna ba, hannunsa ya ƙi. Na'urar kuma tana riƙe awon ƙarshe da aka yi a cikinta, dole a nuna mata wani ruwan. Ya juya a hankali.

“Dogo.”

“Na'am, Baba?”

“Yaya... yaya kuke yi?”

“Yaya muke me?”

“Ka san abin da nake nufi.”

“Wallahi ban sani ba. Kunnena ya toshe da laka. Ɗaga murya, Tsoho.”

Agogo ya ɗaga murya. “Yaya ake yi ta nuna biyu?”

Dogo ya miƙe, ya tafa hannu sau ɗaya, ya juya wajen sauran.

“Kun ji? Ku zama shaida. Liman ya zo koyon caca.”

Suka bushe da dariya. Mai ciwon kai har da riƙe ciki.

“Ai ba a koyo a tsaye. Ce Malam Dogo, don Allah koya min.”

“Don Allah koya min.”

“Ka manta Malam.”

“Malam Dogo.”

Dogo ya kama hannun rigarsa kamar yaro ɗan makaranta, ya ja shi lungun ɗakin inda randar ruwan shansu take. Ruwan shekaranjiya ne a ciki, ya kwanta ya yi garau.

“Ga kogin 'yan wuta. Ɗebi daga sama, kada ka motsa ƙasa. Yauwa. Kai, ashe kana da hannu! Shekara talatin kana ɓoye baiwa.”

Na'ura ta nuna biyu. Agogo ya rubuta 0.2 a layin ƙarfe goma sha biyu. Lambar ta fito a karkace. Ya sa hannu.

Bai gama rufe biro ba ƙofa ta buɗe. Manaja ne, Malamar awo na bayansa da sabuwar kwalba a hannu, kanta a ƙasa. Manaja bai dubi kowa ba. Ya je littafi ya karanta, ya duba agogon hannunsa.

“Malama, rubuta lokaci. Sha biyu da minti tara. Tari ruwa a famfon awo.”

Ta tara. Ta sa a na'ura.

“Nawa?”

“Bakwai, yallaɓai.”

“Ban ji ba.”

“Bakwai.”

“A littafi kuma nawa?”

“Biyu.”

“Hannun wa?”

Manaja ya juyo ya dubi Agogo daga sama har ƙasa, kamar yau ya fara ganinsa.

“Kai. A ina ka ɗebi ruwan da ka auna?”

Agogo ya buɗe baki. Ya dubi Manaja, yana jiran ya ga ko wasa ne, ko wata dabara ce da shi bai gane ba. Ba komai a fuskar.

“Ranka ya daɗe, ɗazu a ofis...”

“Ɗazu a ofis na ce ka yi awon sha biyu. Na ce ka yi wani abu bayan wannan?”

“A'a.”

“To. A ina ka ɗeba?”

“A randa.”

“Kun ji da bakinsa. Malama, rubuta. Ku kuma duk kun gani.”

“Mun gani, yallaɓai,” in ji Dogo. Ya girgiza kai. “Ni wallahi jikina ya mutu. Mutumin da muke koyi da shi.”

Manaja ya ɗauki littafin ya sa a hammata, ya ce a ƙara alif ninki biyu yanzu-yanzu, ya fita. A bakin ƙofa ya waigo.

“Ajiye makullin ɗakin awo. Ka zauna a gida sai an neme ka.”

Kwana uku ya zauna a gida. Ya gaya wa matarsa hutu aka ba shi. Ta yi murna, ta sa shi ya yanke mata farce, ya tsefe mata kai da yatsunsa masu kauri, tana yi masa tsiya wai hannunsa kamar mai kwance igiya. In ta yi barci sai ya zauna a bakin ƙofa. 'Yan kwatas da suka saba tsayawa su gaishe shi suka koma bi ta bayan layi. Yaran Dogo suna wucewa da gudu suna ihu, “Randa! Randa!” Uwarsu na jinsu daga ƙofarta, ba ta hana ba.

Rana ta huɗu mai bincike ya zo. Mutum ne mai ƙiba, da gani ya gaji da hanya. Aka zauna a ofishin Manaja, fanka na juyawa. Rahoton wata yana gabansa. Awo na goma yana ciki, bakwai, da hannun Malama. A ƙarƙashi akwai wurin da aka rubuta “Dalili,” Manaja ya riga ya cike shi: ma'aikaci ya ɓoye sakamakon awo, saboda haka ba a ƙara alif a kan lokaci ba, shugaban wuri ya gano da kansa ya ɗauki mataki nan take.

Ba a ba Agogo kujera ba. Mai bincike ya buɗe littafin awo, ya ɗora yatsa a kan 0.2 ɗin.

“Kai ka rubuta wannan?”

“Ni ne.”

“Ka san ruwan bakwai ne?”

“Na sani.”

“Ka san akwai asibiti a kan layin nan? Akwai jarirai?”

“Na sani.”

Mai bincike ya cire tabarau ya murza idonsa. “Sau nawa ka taɓa yin haka?”

“Sau ɗaya.”

“Duk wanda na kama, sau ɗaya yake cewa.” Ya juya shafukan littafin baya. “Shekara ashirin da tara. Yanzu duk abin da hannun nan ya rubuta, da me zan yarda?”

Manaja ya yi ajiyar zuciya. “Abin da ya fi ci min rai ke nan, yallaɓai. Uba na ɗauke shi.”

Aka kira sauran ɗaya bayan ɗaya. Dogo ya shigo da hularsa a hannu. Ya ce shi tun da yake bai taɓa jin an ɗebi ruwan randa an auna ba, bai ma san na'ura na karɓa ba. Ya ce ya yi ƙoƙarin hana Agogo, amma babba ne, ba ya iya yi masa tsawa. Mai ciwon kai ya ce shi idonsa a rufe yake saboda ciwo. Na ukun ya ce shi sabon zuwa ne.

Mai bincike ya koma kan Agogo.

“Wani ya koya maka? Ko wani ya sa ka? Akwai mai yin irin wannan a nan bayan kai? Faɗi yanzu, in na rufe takarda na rufe.”

Fanka na ta juyawa. Dogo na tsaye a bakin ƙofa yana murza hula. Agogo ya dube shi, ya tuna yara biyar a ɗaki ɗaya. Ya dubi Manaja, ya nemi kalma ɗaya da Manaja ya faɗa wadda zai iya maimaitawa, ya rasa. Mutumin bai ce masa ya yi komai ba. Hannunsa ne ya ɗebi ruwa, hannunsa ne ya rubuta.

“Ni kaɗai ne,” ya ce.

Mai bincike ya rubuta. Manaja ya tambaya ko zai so ya zagaya ya ga tankuna da wurin ajiya. Mai bincike ya duba lokaci ya ce ba sai ya zagaya ba, dalili ya fito, kuma yana da wani gidan ruwan kafin yamma. Ya yaba wa Manaja da sa ido.

Takardar kora layi huɗu ce. Na ƙarshe ya ce a ba da makullin ɗakin kwatas cikin kwana bakwai.

Agogo yana fita ta ƙaramar ƙofa, Malamar awo ta biyo shi da sauri, tana waige-waige. Yarinya ce mai shiru, shi ya koya mata goge kwalba da farko.

“Baba, tsaya. Don Allah ka yafe min.”

“Aikinki kika yi, 'yata.”

“Ba haka ba ne.” Ta jawo mayafi ta rufe baki. “Tun ranar ashirin da biyar mutanen gari suka kai ƙara hukuma, ruwa na zuwa musu ja. Ko da na goma ko babu, mai bincike zai zo. Wasiƙar ta hannuna ta bi. Shi ya sa Manaja yake neman wanda zai rubuta a wurin dalili.”

Agogo ya tsaya yana kallonta.

“Da ka rubuta bakwai ɗin, Baba, ba abin da zai same ka. Doka ba ta taɓa mai awo in ya rubuta gaskiya. Wurin ajiya za a je a duba. A ga alif a rumfa yana narkewa, a ga motarsa a cikin sito inda buhunan suke a da.”

“Wancan da aka kai bakin kogi fa?”

“Na ga takardarsa. Barci aka kama shi yana yi a bakin aiki sau uku. Ba ruwan awo a ciki. An dai bar mutane da tsoronsu.”

“Kin san haka ranar?”

Hawaye ya zubo mata. “Ya ce in na buɗe baki, sunana zai sa. Ni ke riƙe da mahaifiyata.”

“Me ya sa ni?”

“Ya ce ko su Dogo aka kama, za su tona kowa har shi. Kai kuwa ba za ka ambaci sunan kowa ba.”

Agogo ya gyaɗa kai a hankali, kamar an gaya masa lambar da ya riga ya zata. Ya ninke takardar huɗu ya sa a aljihu. Ta ce ko za ta raka shi, ya ce ta koma kada a neme ta.

Taku ɗari biyun nan ya yi su kamar mai ɗauke da buhu. Yana tafe yana jera maganar da zai fara da ita. Ya ce a ransa zai fara ba matarsa ruwa, ya gyara mata kwanciya, sannan ya zauna a bakin gado ya faɗa mata duka, har da randar.

Ya tarar da ƙofarsa a buɗe, da takalman da ba nasu ba a bakinta. Matar Dogo ce a ciki, da goyo a baya, da igiya a hannu. Ta hau kan gadon da gwiwa ɗaya, ta tsallake ƙafafun Inna, tana auna faɗin taga. Babbar 'yarta na riƙe da ɗaya bakin igiyar.

“A'a, Baba, sannu da zuwa. Na yi sallama, Inna ta amsa. Ke, ja da kyau mana! Ƙulla a nan.” Ta sauko tana karkaɗe zane. “Ashe tagar ta fi tamu faɗi, labulena ba zai kai ba. Baba, ƙusoshin nan na bango ku bar su, kada ku cire. Kuma a buɗe ɗakin ya sha iska kwana biyu kafin nan, ka san yara da wari.”

Ta shiga ɗaki na biyu, ana jin ta tana ƙirga taku daga bango zuwa bango, tana ce wa 'yarta nan gado, nan kabad.

Inna ba ta iya juya wuya sosai. Idonta mai kyau ya bi shi har ya iso bakin gado. Inda gwiwar matar ta danna, zanen gadon ya tattare, ƙafarta shanyayya ta fito waje. Ya ja zane ya rufe ta.

“Malam, me take aunawa?”

Ya ɗauki kofi ya tara a famfo. Ya sa hannu a bayan wuyanta ya ɗago ta, ta kurɓa sau biyu, ta kau da baki.

“Na tambaye ka.”

“Taga za a gyara,” ya ce. “Sabon gilashi za a sa.”

“Don mu?”

“Don mu.”

“Kai, Allah ya yi wa yaron nan Manaja albarka. Ka ce kada su sa mai duhu, in daina ganin kajina.”

“Zan faɗa.”

Daga ɗaki na biyu matar Dogo ta ɗaga murya, tana tambaya ko kwana bakwai ɗin har da yau ake ƙirgawa.